bgpq4, IRRToolSet ko Peering Manager: Da Wanne Za Ka Haɗa Matatar Firefiks?

Wani ƙanena a sana'a, injiniya a wani ƙaramin kamfanin raba intanet nan cikin garin Sakkwato, ya same ni bayan la'asar da damuwarsa. Kamfaninsu ya karɓi lambar ASN, wato lambar shaidar netwok ɗinsu a intanet, daga AFRINIC, hukumar da ke raba adireshin intanet a Afirka, sun ƙulla BGP da manyan kamfanoni biyu da ke kawo musu layi daga Legas, ga shi kuma wata makaranta mai tata lambar tana son ta riƙa bi ta kansu. Ya ce, "Yaya, da hannu nake rubuta jerin adireshin da zan karɓa. An ce mini akwai manhajojin da ke yin aikin, na duba na ga sun kai bakwai, na rasa wadda zan kama." Abin da na faɗa masa ne na faɗaɗa a nan, don na san ba shi kaɗai ke cikin wannan ruɗanin ba.

Kafin a zo ga manhajojin, sai an san me ake tacewa. Firefiks shi ne zangon adireshin intanet, kamar 203.0.113.0/24 mai adireshi 256. BGP kuwa, wato yaren da kamfanonin intanet ke shelanta wa juna zangunan da ake samu ta hannunsu, tamkar dillancin shanu a Kara yake a zamanin da amana ke da yawa: dillali ya ce "wannan san ta hannuna ake samunsa", kowa ya yarda, ba wanda ya nemi shaida. Idan kwastomanka ya shelanta maka zangon da ba nasa ba, kai kuma ka miƙa gaba, duniya za ta fara turo maka kayan wani. Ranar 24 ga Fabrairu 2008 kamfanin Pakistan Telecom ya shelanta wani /24 na YouTube da nufin toshe shi a cikin gida, kamfanin da ke samansa ya karɓa bai tace ba, YouTube ya ɓace wa yawancin duniya kusan awa biyu. Na kusa da mu shi ne na 12 ga Nuwamba 2018, lokacin da MainOne a Legas ya yi kuskure wajen sabunta na'urorinsa, hanyoyin Google da ya koya a cibiyar musaya ta IXPN suka zube zuwa China Telecom, zirga-zirgar Google ta yi ta kewaya ta Sin da Rasha sama da awa ɗaya. A duka biyun, da na sama ya sa rariya a bakin ƙofarsa, da abin ya tsaya nan.

Rariyar ita ce matatar firefiks: jerin zangunan da ka amince maƙwabci ya shelanta maka, duk abin da ba ya ciki a watsar.

Ma'aunin da zan yi amfani da shi

Na farko kuɗi. Duk manhajojin nan kyauta ne, don haka kuɗin da nake nufi shi ne na sabar da za ta ɗauke su, da lokacin mutumin da zai zauna a kansu. Na biyu ƙarko: shin masu ita na ci gaba da gyara ta, kuma za ta ci gaba da aiki ranar da injiniyan da ya kafa ta ya samu aiki a Abuja ya tafi? Na uku sauƙi, wanda a wurinmu ya haɗa da tambaya mai muhimmanci: tana jin yaren rautarka, wato na'urar da ke zaɓa wa zirga-zirgar intanet ɗinka hanya? Yawancin ƙananan kamfanoninmu MikroTik suke amfani da shi, ba Juniper ba. Na huɗu haɗari, wato abin da zai faru ranar da ta yi kuskure da ƙarfe biyun dare kana barci.

Akwai abu ɗaya da ya haɗa su duka, kuma shi ya fi zaɓin manhajar kansa nauyi. Babu wadda ta san gaskiya da kanta. Dukkansu rijistar IRR suke tambaya, wato kundin bayanan hanyoyin intanet, inda masu netwok ke rubuta bayanansu da yaren RPSL wanda aka tsara a RFC 2622 a 1999. Abu biyu ake nema a can: rubutun `route`, mai cewa wannan zango wannan ASN ce za ta shelanta shi, da rubutun `as-set`, mai jera lambobin kwastomomin kamfani. Rijistocin ba ɗaya suke ba. AFRINIC, da ke Morishus, ita ta raba adireshin, don haka ta san mai shi, kuma mambobinta ba sa biyan wani kuɗi daban kafin su yi rubutu a rijistarta. RADb ta Merit Network a Amurka kuwa ana biyanta duk shekara da dala, kuma an daɗe ana kukan tsofaffin rubuce-rubucen da suka taru a cikinta waɗanda masu su suka manta da su. Ka ɗauke ta kamar littafin mai unguwa da aka yi shekaru ana rubuta filaye a ciki, an sayar da wasu, an raba gadon wasu, ba a goge tsohon suna ba.

bgpq4

Wannan ƙaramar manhaja ce da aka rubuta da yaren C, aikinta ɗaya tak: ka ba ta ASN ko as-set, ta tambayo rijista, ta buga maka matata a yaren rautarka. Ta samo asali ne daga bgpq3 ta Alexandre Snarskii, sai wasu injiniyoyi, cikinsu har da Job Snijders, suka ɗauka suka ci gaba da ita. A Debian ko Ubuntu, `apt install bgpq4` ya wadatar. Ga misali, da lambar da aka ware don misalai:

`bgpq4 -4 -A -K7 -l MAKARANTA -S AFRINIC AS64500:AS-KWASTOMA`

`-4` na nufin IPv4, `-A` ya dunƙule zangunan da ke maƙwabtaka don jerin ya rage tsawo, `-K7` ya fitar da shi a tsarin RouterOS 7, manhajar rautocin MikroTik, `-l` sunan matatar, `-S` kuma rijistar da ka yarda da ita. Ka canja harafi ɗaya ka samu wani yaren: `-J` Juniper (amma a nan sai ka cire `-A`), `-X` Cisco IOS XR, `-b` BIRD, `-U` Huawei, `-e` Arista, `-j` kuma JSON ga mai son ya sarrafa da kansa. Idan ba ka sa komai ba, na Cisco IOS take bayarwa.

Ta fuskar kuɗi babu abin faɗa, tsohuwar kwamfutar da aka ajiye a sito za ta iya ɗaukarta. Ta fuskar ƙarko ita ce ke kan gaba, domin manyan manhajojin da za mu zo gare su ma ita suke kira a ƙarƙashi, ko yayarta bgpq3. Tana da sauri, musamman da yake sabar da take tambaya tun asali, rr.ntt.net, tana gudana da IRRd 4, wadda ke iya warware as-set gaba ɗaya a can ta turo amsa a dunƙule. IRRd 4 tana da wani alheri kuma: takan ɓoye rubutun route da ya ci karo da shaidar RPKI, wato tsarin tabbatar da mai zango ta hanyar hatimi, wanda za mu zo kansa a gaba.

Inda gizo ke saƙar shi ne haɗari, kuma a nan zan ɗan daɗe. bgpq4 ba ta taɓa rautarka. Tana buga rubutu ne kawai a allo. Ɗaukar rubutun, kai shi rauta, maimaitawa kullum, duk naka ne, da ɗan gajeren sikirif, wato jerin umarnin da ka rubuta wa kwamfuta, da cron mai kunna shi a kan lokaci. Nan ne mutane ke sarar ƙafarsu da gatarinsu. Ka ɗauka layinka na Legas ya yanke daidai lokacin da sikirif ɗin ke tambaya, ko kwastoma ya goge rubutunsa bisa kuskure. Amsa ta dawo fanko ko guntuwa, sikirif ya tura ta haka nan, gari ya waye makarantar ba ta da intanet ranar da ɗalibai ke rijistar jarrabawa. Maganin ba wuya: ka ajiye jerin jiya, ka ƙirga layukan na yau, idan ya zo fanko ko ya ragu da yawa, kada a tura, a aiko maka da saƙo. Ni kashi 20 cikin 100 nake sawa a matsayin iyaka, kai ka duba girman kwastomominka ka yanke naka.

Sai halin rautoci da ya sha bamban. A tsohon Cisco IOS, rubutun kan fara da goge tsohuwar matatar kafin ya zuba sabuwa, kuma matatar da aka ambata amma babu ita kowa take bari ya wuce. A Junos, manhajar rautocin Juniper, ba wannan fargabar, don komai na shiga ne lokaci ɗaya da `commit`. A MikroTik kuwa an juya abin tsakanin siga biyu: a RouterOS 6 abin da bai dace da kowace doka ba karɓarsa ake yi, a RouterOS 7 watsar da shi ake yi. Mai siga ta 6 dole ya sa dokar ƙi a ƙarshen sarƙar da hannunsa, in ba haka ba rariyarsa ba ta da gindi.

Abu na ƙarshe: kada ka bar `-S` a buɗe. Idan kwastomanka ɗan Najeriya ne ko ɗan Nijar daga can Birnin Ƙonni, adireshinsa daga AFRINIC ya fito, ka tambayi AFRINIC. Idan ya ce nasa rubutun yana RADb kawai, ka roƙe shi ya je ya rubuta a gida.

bgpq3

Har yanzu tana aiki, kuma za ka gan ta a tsofaffin darussa da yawa. Umarninta kusan ɗaya ne da na bgpq4, sai dai ita whois.radb.net take tambaya tun asali. Wanda ya gaji sikirif mai bgpq3 yana tafiya lafiya, ba gaggawa. Mai farawa yau ba shi da dalilin ɗaukarta.

IRRToolSet

Wannan ita ce kakar gida. An fara ta a tsakiyar shekarun 1990 a cibiyar ISI ta Jami'ar Kudancin Kalifoniya da sunan RAToolSet, ta bi ta hannun RIPE NCC, daga baya ta koma ISC. Da C++ aka rubuta ta, kuma sanannun kayanta su ne `peval` da `RtConfig`. Burinta ya fi na bgpq4 girma nesa ba kusa ba: ka rubuta dukkan manufarka a rubutun `aut-num`, wa kake karɓa daga gare shi, me kake ba wa, da wane fifiko, ita kuma ta mayar da wannan saitin rauta cikakke.

A takarda abin sha'awa ne. A aikace, kamfanoni kaɗan ne ke rubuta aut-num ɗinsu dalla-dalla su kuma riƙa sabunta shi, sannan RPSL yare ne da sai ka zauna ka koye shi kamar nahawu. Gyaranta ya yi sanyi, haɗa ta a sabuwar Linux kan ba da ciwon kai, tana jan ƙafa a kan babban as-set, kuma Cisco da Juniper ta fi sani. Mai MikroTik ba nasa ba ce. Inda nake ganin amfaninta har gobe shi ne ajin karatu. Malamin da ke koyar da netwok, a ce a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, zai iya nuna wa ɗalibai da `peval` yadda ake warware jimlar RPSL mataki mataki.

IRRPT

IRR Power Tools tarin sikirif ne na PHP da aka yi don toshe giɓin da na ambata a bgpq: ka jera kwastomominka a fayil ɗaya, ita ta riƙa ɗebo zangunansu, ta ajiye tarihin canji a CVS, tsohuwar manhajar adana canje-canjen fayil, ta aika imel idan wani abu ya sauya. Tunanin mai kyau ne, sai dai kayan aikin sun tsufa. Matasan injiniyoyinmu git suka sani wajen wannan aiki na adana tarihi, kuma abin da IRRPT ke yi za ka iya yinsa da bgpq4 da git cikin 'yan layuka da kai ka rubuta, ka kuma san cikinsu.

Peering Manager da Pathvector

Waɗannan ba matata kawai suke haɗawa ba, dukan zaman BGP ɗinka suke riƙewa. Peering Manager, ta Guillaume Mazoyer, shafi ne da kake buɗewa a burauza, an gina shi da Python da Django. Yana jawo bayanan maƙwabta daga PeeringDB, kundin da kamfanonin musaya ke rubuta bayanansu, ya kira bgpq ya haɗa matata, ya cika samfurin Jinja2 da ka rubuta, ya tura wa rauta ta NAPALM, manhajar da ke shigar da saiti cikin rautoci. Amma yana son PostgreSQL da Redis da sabar da ba ta mutuwa. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, wuta kuma ta ɗauke sanda ta ga dama, wannan na nufin batir, inbata da sanyaya ɗaki, ko hayar saba a waje da dala. Ga mai zaman BGP uku, sayen tirela ne don kai buhun gero ɗaya Bodinga. Ga wanda ya kai layinsa IXPN a Kano ko Abuja ko Legas yana musaya da kamfanoni talatin, ya cancanci wahalarsa, don mutum uku za su iya aiki a kai ba tare da sun taka ƙafar juna ba. Mai MikroTik ya fara gwada hanyar tura saitin tukuna kafin ya saki jiki, don NAPALM ta fi sabawa da Cisco, Juniper da Arista.

Pathvector ta fi sauƙin ɗauka. Da Go aka rubuta ta, fayil ɗaya na YAML kake cikawa, ita ta haɗa IRR da RPKI da iyakar yawan zanguna a saiti guda. Sharaɗinta ɗaya ne: rautarka ta zama kwamfuta mai Linux da BIRD, manhajar da ke mayar da kwamfuta rauta. In ba haka ba, wuce.

Akwai kuma ARouteServer ta Pier Carlo Chiodi da IXP Manager ta INEX a Ayalan. Su na masu tafiyar da cibiyar musaya ne, masu sabar da ke raba hanyoyi tsakanin mambobi. Ranar da kamfanonin Sakkwato suka haɗa kai suka kafa tasu cibiyar, don saƙon Mabera zuwa Arkilla ya daina zuwa Legas ya dawo, sai mu zauna a kansu.

RPKI: ba kishiya ba ce

Ƙanen nawa ya tambaya, "To Yaya, in na sa RPKI ba shi ke nan ba?" A'a. In IRR littafin mai unguwa ne, ROA, wato shaidar da RPKI ke aiki da ita, takardar mallaka ce mai hatimi: mai adireshi ya shiga MyAFRINIC ya sa hannu cewa wannan ASN ce kaɗai za ta fara shelanta zangonsa. Kai kuma ka kafa manhajar tantancewa, Routinator ta NLnet Labs, ko rpki-client ta OpenBSD tare da StayRTR, ko FORT, ta riƙa ba rautarka sakamako ta hanyar RTR, yaren da ke tsakanin mai tantancewa da rauta. Kowane zango sai ya faɗa ɗayan uku: ingantacce, gurɓatacce, ko wanda ba a san shi ba. Gurɓataccen kawai ake watsarwa. A 2024 ne zangunan IPv4 masu ROA suka haura rabin na duniya, ka ga saura da yawa ba su da hatimi.

Koma ga labaran nan biyu ka ga bambancin. Na Pakistan, wanda ya shelanta ba mai shi ba ne, RPKI za ta kama shi. Na Legas kuwa, asalin hanyar bai canja ba, sunan Google ne a kai, ta ƙofar da ba ta dace ba kawai ta fita, don haka da ta wuce tantancewar RPKI lafiya lau. Matatar firefiks ce za ta tare ta. Shi ya sa ake haɗa su. A kula: RouterOS 7 na jin RPKI, siga ta 6 ba ta ji. Kuma a kafa masu tantancewa biyu in da hali, don idan ɗaya ya mutu rauta ta jingina da ɗayan.

| Manhaja | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| bgpq4 | Kyauta, ƙaramar saba | Mai ƙarfi | Yini ɗaya | Tura jeri fanko ko guntu |
| bgpq3 | Kyauta | Ƙanwarta ta sha gabanta | Kamar bgpq4 | Dogaro da RADb ba da sani ba |
| IRRToolSet | Kyauta, cin lokaci | Gyara ya yi sanyi | Sai ka iya RPSL | Manufar da ta tsufa a rijista |
| IRRPT | Kyauta | Tsofaffin kayan aiki | Matsakaici | Rashin mai gyara in ta lalace |
| Peering Manager | Saba mai ƙarfi da mai kula | Mai kyau | Makonni | Kuskuren samfuri ya shafi kowa |
| Pathvector | Kyauta | Ƙaramar tawaga | Sauƙi ga mai BIRD | BIRD kaɗai |
| Routinator da 'yan'uwansa | Ƙaramar saba | Mai ƙarfi | 'Yan kwanaki | Ba ya kama zubewar hanya |

Wa ya dace da wanne

Idan kai makaranta ce, ko asibiti, ko ofis mai ASN ɗaya da zango ɗaya ko biyu, ba ka da kwastoman BGP, to ba ka buƙatar ko ɗaya daga masu haɗa matata. Rubuta da hannu cewa zangunanka kaɗai za su fita. Ƙarfinka ka sa shi a rijista: rubutun route a AFRINIC, da ROA, sannan ka duba kanka a IRR Explorer na NLNOG ka ga yadda duniya ke ganinka. Kamfanin da ke samanka da waɗannan zai tace ka.

Idan irin ƙanena ne, ƙaramin kamfani mai MikroTik da kwastoman BGP ɗaya zuwa goma: bgpq4, sikirif mai ƙirga layuka kafin turawa, git don tarihi, sau ɗaya a rana. Ka ɗora iyakar yawan zanguna a kowane zama, kada ka karɓi abin da ya fi /24 ƙanƙanta a IPv4 ko /48 a IPv6, sannan in ka koma RouterOS 7 ka ƙara Routinator. Da wannan ka yi nisa a matakin farko na MANRS, shirin kiyaye amincin hanyoyin intanet da aka fara a 2014 da tallafin Internet Society. Kuma ka rubuta yadda ka haɗa komai a takarda ɗaya ka ba oganka, saboda wanda zai gaje ka.

Idan rautarka Linux ce da BIRD, gwada Pathvector kafin ka rubuta naka. Idan ka kai ga musaya da kamfanoni da dama a IXPN, kuna da injiniya fiye da biyu da sabar da ba ta kwana da duhu, lokacin Peering Manager ya yi. IRRToolSet ka bar wa malami da ɗalibansa, ko kamfanin da ya riga ya gina komai a kanta tun tuni.

Ƙanen nawa bgpq4 ya ɗauka. Da ya fara tambayar as-set ɗin makarantar, jerin fanko ya fito, ashe ba su taɓa rubuta komai a AFRINIC ba. Makon farko gaba ɗaya a waya ya ƙare shi, yana bin mai kula da kwamfutocinsu ya nemo kalmar sirrin MyAFRINIC.